Inabi na bushewa reshe-reshe? Ga yadda ake tare cutar da Tirikodama tun ranar datsa

Jama'a masu inabi, musamman mu na wajen Kura, Bunkure da Garun Malam, da 'yan'uwa na Kazaure da Haɗejia da suka fara saka shi a lambu, akwai wata matsala da bata fitowa sai itacen ya shekara huɗu biyar, wato daidai lokacin da mutum ya fara cin moriyar kuɗin waya da dirkokin da ya kashe. Zakaga hannu ɗaya na itacen ya ƙi toho bayan datsa, ko ya yi tohon amma ganyen ƙanana, gaɓoɓin a takure, ɗaya hannun kuwa lafiya lau. Baɗi wannan hannun ya bushe ƙayau. Wani kuma da tsakar bazara, itace ɗauke da 'ya'ya, cikin kwana biyu uku ya yanƙwane gaba ɗaya. Sai a ce gara ce, wasu su ce taki ya yi yawa, wasu ma su ce kambun baka ne. Garar tana zuwa kam, amma galibi sai ta tarar da wurin ya riga ya mutu sannan take shiga.

Kafin ka sayi komai ɗauki zarto. Yanke hannun da ya mutu ɗin a gicciye, ka goge garin katakon da yatsa, ka duba bakin yankan a cikin haske. Lafiyayyen itacen inabi cikinsa fari ne da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa, da danshi. Mai cutar kuwa zakaga wani yanki ruwan ƙasa mai duhu, busasshe, mai tauri, ya faro daga ɓawo da faɗi yana tsukewa zuwa tsakiya, siffar harafin V. Wani lokacin ɗigo-ɗigo baƙaƙe zaka gani sun yi zobe, in ka ɗan jira har wani baƙin danƙo ya tsattsafo daga cikinsu. A tsohon itace kuma tsakiyar kan yi laushi, ta yi fari-fari tana marmashewa in ka sa farce. Yanzu bi tabon nan sama, kana yanka kaɗan-kaɗan, kusan kullum zai kaika wani tsohon bakin yanka na shekarun baya da aka datse aka barshi a buɗe. Toh nan ne ƙofar da cutar ta shiga.

Fangas ne ke wannan aikin, dangin fumfuna, kuma ba iri ɗaya bane. A Turai sun fi fama da wadda suke kira Eska, mai sa ganye ya yi zane-zanen ja da rawaya tsakanin jijiyoyi, da kuma Yutifa mai son ƙasa mai sanyi da ruwan sama. Mu a ƙasashen zafi wadda ta fi damun inabi sunanta Lasiodiplodia theobromae, ita ce ke addabar masu inabi a arewa maso gabashin Burazil, kuma ba baƙuwa bace a wajenmu don ita ɗin dai ce ke busar da rassan mangwaro daga sama zuwa ƙasa, tana kama kashu da lemo ma. Riƙe wannan, zamu dawo kansa. Irinta yana zaune a jikin matattun rassa, 'yan mitsi-mitsi da ido baya gani, in ruwa ya taɓa su sai su fashe su fantsamu, iska ta ɗauka, su sauka a sabon yanka. Daga nan su bi jijiyoyin ruwa suna toshewa a hankali, shekara biyu uku baka ga komai a waje ba.

Shi yasa feshin ganye baya mata komai. Ko tanki nawa ka juye a ganye, abin yana can cikin katako. A Faransa da can suna da magani mai guba na asanik da suke fesa wa kututture, a 2001 aka hana shi saboda yana jawo wa masu feshin ciwon daji (kansa), kuma bayan wasu shekaru aka ƙiyasta kusan kashi 13 cikin 100 na itatuwan inabin ƙasar basa bada amfani saboda waɗannan cututtukan. Su nasu galibi na giya ne, namu na ci ne da kaiwa kasuwar 'Yan Lemo, amma itacen ɗaya ne kuma cutar bata tambaya. Wannan ne ya sa suka koma neman abinda zai tsare bakin yankan, aka dawo kan Tirikodama.

A jikin leda zakaga an rubuta Trichoderma, sai sunan iri ya biyo baya, harzianum ko viride ko atroviride ko asperellum. Ita ma fumfuna ce, koriya, tana nan a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace ko'ina a duniya har da gonakinmu. Tun 1932 wani masani mai suna Weindling ya nuna cewa tana cin wasu fangas masu cutar da shuka. Abinda take yi a bakin yanka shine tana da saurin girma, sai ta riga mai cutar mamaye wurin ta cinye ɗan abincin da ke kai. Kamar ranar kasuwar ƙauye ne, wanda ya yi sammako ya kasa kayansa shi ke da wurin, na baya sai dai ya zagaya. In kuma suka haɗu tana nannaɗe zaren mai cutar ta narkar da bangonsa, tana kuma fitar da wasu sinadarai masu hana shi yaɗuwa, ɗaya daga cikinsu ne ma yake sa wasu irinta ƙamshin kwakwa. Akwai kuma shaidar cewa tana zaburar da itacen kansa ya tashi kariyarsa.

Wani dattijo a wajenmu da aka yi masa wannan bayanin cewa ya yi, “Yanzu malam, fumfuna zan saya da kuɗina in shafa wa itace? Wadda muke kankarewa a jikin tuwon jiya?” Aka ce masa, “Baba, ai kun watsa Aflasafe a gonar masara da gyaɗa, shuɗiyar dawar nan ta IITA, ita ma fumfuna ce marar guba ake sakawa ta kori mai guba.” Ya yi shiru, can ya ce toh in dai irin wannan ce a kawo. Kuma gaskiya tsarin ɗaya ne, har da sharaɗin: dole ta riga mugun isa wurin. Tirikodama bata tada mataccen katako, bata wanke tabon da ya riga ya shiga. Duk mai shagon da ya ce maka zata warkar da itacen da ya bushe rabi, kayansa kawai yake son sayarwa.

Sayenta da ajiyarta

A nan ne mafi yawan kuɗi ke zubewa, domin abu ne mai rai kuma zafinmu ba wasa bane. Tana jin daɗi a digiri 25 zuwa 30, in aka haura 35 sai ta fara galabaita, ledar da ta kwana wata uku a kanta ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu kuwa hoda kawai ka saya. Duba ranar da aka yi ta da ranar ƙarewa, duba lambar NAFDAC, ka tambayi inda aka ajiye ta, in daga kan tebur a bakin titi aka ɗauko maka ka barta ko da rabin kuɗi ne, araha bata ado. Duba kuma adadin ƙwayoyi masu rai da aka rubuta, CFU a kowane giram. Irin masu farar hoda da ake kawowa daga Indiya galibi miliyan 2 ne a giram ɗaya, na Turai irin su Vintec sun ninka haka sau dubbai, shi yasa awonsu ba ɗaya bane kuma kar ka ɗauki awon wani ka yi aiki da wani. Waɗanda aka yi musamman don bakin yankan inabi sune irin su Vintec da Esquive da Remedier a Turai, Eco-77 a Afirka ta Kudu, Vinevax a Niyuzilan. Samunsu a nan sai an sha wuya, abinda ka fi samu shine na gama-gari wanda aka yi don iri da ƙasa. Yana da amfani, amma kar ka sa ran ƙarfinsa a katako ya kai na wanda aka zaɓo don wannan aikin. In kana da hanya ta wajen malaman gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin aikin gona na Kano da Jigawa, ko sashen kare amfanin gona a BUK ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, ka bi ta nan ya fi.

In ka kawo gida, firji ne wurinta, ɓangaren sanyi ba na ƙanƙara ba. Babu wuta? Ɗaure ta a leda biyu, saka a gwangwani mai murfi, ka binne gwangwanin a jiƙaƙƙen yashin gindin randa cikin ɗaki mai inuwa. Kuma ka saya daf da lokacin aiki, ba tun damina ba.

Ga gwajin da nake ganin kowa ya kamata ya yi mako ɗaya kafin datsa. Dafa shinkafa ba gishiri ba mai, kar ta caɓe. Samo kwalabe biyu masu faɗin baki ka tafasa su, zuba shinkafar cokali uku-uku tun da zafinta ka rufe, bari ta huce sarai. A ɗaya barbaɗa hodar kaɗan, ɗayar kar ka sa komai. Rufe su sakwa-sakwa ka ajiye a inuwa. In hodar na da rai, kwana biyu uku zakaga farin zare ya lulluɓe shinkafar, zuwa kwana biyar ya koma kore shar ko kore mai duhu, ita kuwa ɗaya kwalbar tana nan kusan yadda take. In dukkansu biyu basu motsa ba, ko abinda ya fito baƙi ne ko rawaya, mayar da kayan. Wannan gwaji ne kawai fa. Naga wasu suna cewa a riƙa ninka ta a gida da shinkafa ko dusa don a huta da saye, ni ban goyi baya ba, saboda ba duk koren fumfuna bane Tirikodama, mai gubar nan ta gyaɗa ma kore-kore ce mai rawaya, kuma da ido ba zaka rantse ba. Shinkafar gwajin a binne ta a cikin taki, kar a ba kaji.

Ranar datsa

Lokaci ne farko. Kar ka datse inabi ana ruwa, ko hadari na haɗuwa, ko washegarin ruwa da rassa ke jiƙe, domin a lokacin ne irin cutar ya cika lambun. Datsan da ake yi bayan ɗaukewar damina don fitar da 'ya'ya, ka tabbata ruwan ya ɗauke da gaske, wanda ya yi gaggawa a ƙarshen Satumba ruwan bankwana ya same shi da sababbin raunuka ɗaruruwa ya jawo wa kansa. Bakin yanka baya rufewa rana ɗaya, yana ɗaukar makonni a buɗe, manya ma fiye da wata. Wannan lokacin na kaka shi ya fi dacewa da Tirikodama, akwai sauran laima a iska, akwai raɓa da asuba, zafi bai kai na bazara ba kuma hunturu bai kankama ba.

Kafin almakashi ya taɓa lafiyayyen itace, zagaya ka ɗaura tsumma a duk wanda kake zargi, su ne na ƙarshe. Almakashin ya zama mai kaifi, dakusasshe yana tauna reshe ya bar tsaga. Yanka a karkace yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Kuma kar ka yi yankan ƙwal daf da ido ko daf da jikin kututture, bar ɗan guntu, kamar ninki biyu na kaurin reshen, saboda duk inda aka yanka katakon yana bushewa ya yi ciki, in ka bar guntu bushewar zata tsaya a cikinsa bata taɓa hanyar ruwan ba. Baɗi sai ka cire guntun in ya bushe. Ka rage yawan manyan yanka iya iyawarka, yankan zarto ɗaya a tsohon katako ya fi yankan almakashi haɗari sosai. Goge almakashi da sifirit in zaka tashi daga mai cuta zuwa mai lafiya yana da kyau, amma kar ka ɗauka shikenan ka gama, mafi yawan cutar ta iska da fantsamar ruwa take zuwa ba ta ƙarfe ba. In da bilic ka wanke, ɗauraye ka shanya, don ragowarsa a bakin yanka zai kashe abinda zaka shafa.

Haɗin kuma da ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta. In na famfo ne mai kulorin, tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana. Bi awon da ke jikin ledar. Misali in an rubuta giram 5 a lita, tankin goyo mai lita 16 zai ci giram 80, mai lita 20 kuma giram 100. Fara dama hodar a ɗan kofi har ta narke ba gudaji, tace da tsumma mai laushi ko rariya don farar hodar nan tana toshe bakin famfo, sannan ka juye a tanki kana girgizawa lokaci-lokaci don tana kwanciya. Abinda ka haɗa ka ƙarar da shi a ranar, ba a kwana da shi.

Maganar tanki, don Allah a kula. Famfon da aka yi feshin maganin ciyawa da shi kar ya kusanci inabi ko da an wanke, musamman in 2,4-D ne na masu shinkafa, ɗan ragowarsa kaɗan yana murɗe ganyen inabi. Wanda aka yi maganin fangas da shi kuma, irin su carbendazim, tebuconazole, propiconazole, hexaconazole, ragowarsu kashe Tirikodama yake yi tun a cikin tankin. In da hali ware ƙaramin famfon hannu na lita biyu don wannan aikin kaɗai, bashi da tsada.

Ni dai a lambun da bai wuce gindi ɗari biyu uku ba na fi son burushi akan feshi. Yanka gorar ruwa rabi, ɗaura mata igiya yaro ya rataya a wuya, ka dama haɗin ya ɗan fi na feshi kauri, ka bashi ƙaramin burushin fenti sabo. Yana bi layi-layi yana ɗiga wa kowane bakin yanka har ya jiƙe ya ɗan gangaro gefe. Amfanin farar hodar a nan shine in ta bushe tana barin alama, da yamma in ka zagaya zaka gane wanda aka tsallake, kuma za a tsallake, yara ne. Babban lambu kuwa feshi, amma a saita bakin famfon kan rassan da aka datse a jiƙa su sosai, ba a yi ta watsawa sama ba.

Yaushe za a shafa? A ranar dai, kar ya wuce washegari. Amma ba dole sai a take ba, masu bincike a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun gano cewa in an jira kamar awa 6 bayan yanka tana kamawa fiye da in an shafa nan take, saboda sabon yanka yana zubar da ruwa ya wanke ta. Wannan ya yi mana daidai: a datse da safe, a shafa bayan la'asar. Rana ta yi sanyi, haskenta mai kashe ƙwayoyin ya ragu, ga dare gaba ɗaya da raɓa da zasu samu su tsiro. Wanda ya fesa da ƙarfe sha biyun rana a iskar hunturu, kafin ya kai ƙarshen layi na farkon ya bushe. In ka shayar da lambun a ranar ko jajibirinta, laimar da ke tashi daga ƙasa tana taimakawa. In iska ta yi bushi sosai, maimaita bayan mako ɗaya.

Bayan ka shafa, ka ɗaga wa wurin ƙafa daga maganin fangas aƙalla mako ɗaya zuwa kwana goma. Nasan masu inabi hannunsu baya rabuwa da famfo saboda farar cutar ganye, amma a wannan tsakanin ai babu ganyen ma, toho bai fito ba.

Datsa na biyu, wanda ake yi bayan an gama tsinka, shi ne mai wuyar sha'ani don yana faɗowa a bazara, zafi ya haura 40, kuma ruwan farko na iya sauka raunukan basu gama rufewa ba. A nan ba zan ce maka Tirikodama kaɗai ta isa ba. Ƙananan yanka a shafa ta da magariba a maimaita. Manyan yankan zarto kuwa ni a ganina a wannan lokacin gara ka dama maganin fangas irin tebuconazole ko carbendazim ka shafa, in ya bushe ka bi da fentin ruwa ka rufe. Bambancinsu shine maganin kemikal yana aiki nan take amma ƙarfinsa na 'yan makonni ne, Tirikodama kuma tana buƙatar kwanaki kafin ta kafu amma in ta kafu ana samunta a cikin katakon bayan watanni. Zaɓi ɗaya ga kowane rauni, kar ka haɗa su a kofi ɗaya. Kuma a gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sakamakonta ba ɗaya bane, wani wurin ta yi daidai da kemikal, wani wurin ta gaza, ya danganta da iri da yanayi. Rage cutar take yi, shekara bayan shekara, ba kawar da ita ba.

Yanzu rassan da aka datse. Wallahi wannan ya fi komai sauƙi kuma shi aka fi sakaci da shi. Ana tara su a gefen lambu wai za a kai gida a yi girki, su shekara a nan, ko a cusa su a shinge don tare awaki. Toh ka gina wa cutar gida kenan a bakin lambunka, ruwan farko na sauka zata tashi. A kwashe a ranar, a ƙona ko a kai murhu a fara da su. Sannan ɗaga kai ka dubi mangwaron da ke bakin rijiya, da kashu ko lemon da ke gefe, duk busasshen reshen da ke kansu a sare a ƙona kafin ranar datsa, su ma bakin yankansu a shafa masu. Ba ƙaramin abu bane mutum ya tsaftace inabinsa tas ya bar mataccen reshen mangwaro yana lilo a samansa.

Ba almakashi kaɗai ke buɗe rauni ba. Fartanya wajen noma gindi, wayar ɗauri da ta nutse cikin ɓawo don an manta ba a sassauta ba, akuya da ta ɓare ɓawo, duk ƙofofi ne. In ka gani ka shafa.

Dashe da gindi

Wani lokacin tun daga dashe ake sayo cutar. Kar ka ɗebi sandunan dashe daga itacen da hannunsa ɗaya ya mutu ko da ɗaya hannun ya yi kyau, kuma in saya zaka yi ka tsaga biyu uku ka duba cikinsu kafin ka biya. Masu renon dashe a ƙasashen waje suna tsoma sandunan a ruwan zafi digiri 50 na minti 30, su fitar su tsoma a ruwan sanyi, wannan yana rage cutar da ke ciki sosai. Amma sai da ma'aunin zafi, ba da yatsa ba, kuma su sandunansu suna barcin sanyi ne lokacin, namu basa yin barci mai nauyi haka, don haka gwada da guda goma ka ga ko idon zai fito kafin ka zuba duka. Bayan sun huce sai a jiƙa su a ruwan Tirikodama gwargwadon lokacin da leda ta faɗa, kuma sabon ruwa kowane zubi, domin baho ɗaya da ake ta jiƙa sanduna a ciki ba a canzawa shi kansa yana raba cuta.

Na ƙasa kuma ta taki ake bi. Kilo 1 zuwa 2 na irin mai farar hoda a cikin kilo 100 na ruɓaɓɓen takin shanu, wanda ya gama zafinsa ya huce, ba ɗanye ba. Yayyafa ruwa ya yi danshi yadda in ka dunƙula zai haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba, wasu suna narka 'yar mazarƙwaila a ruwan don ta samu abin fara ci, a taki ba laifi amma kar ka sa zaƙi a haɗin bakin yanka. Rufe da buhun algarara a inuwa, juya bayan kwana uku huɗu, zuwa kwana 7 ko 10 zakaga fari da kore-kore a ciki. Zuba a ramin dashe, ko ka tona kewayen gindi ka zuba ka rufe da ƙasa ka shayar, kar a barshi a fili rana ta gasa. Wannan yana taimakon saiwa ne, baya maye gurbin shafa bakin yanka, kowanne da aikinsa. Masu ban ruwa ta kwalbati da masu ƙasar laka kuma a yi wa gindin tudu, ruwa ya zagaya shi kar ya kwanta a jikinsa, akwai wata cutar mai baƙanta gindi da saiwa da take son irin wannan wurin.

Wanda ya riga ya kamu fa? In tabon bai kai ƙasa ba akwai dabara. A lokacin rani, yanke daga sama kana sauka har ka kai inda katakon ya fita fari tas ba ɗigo, sannan ka ƙara sauka santimita 10 zuwa 20 don zaren cutar yana gaba da inda launi ya tsaya. Shafa wa babban yankan nan da kyau, ka maimaita. Tohon da zai fito daga ƙasa ka zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu ka ɗaura a sanda ka hau da shi waya, saiwar tsohuwa ce mai ƙarfi don haka yana saurin dawowa fiye da sabon dashe. In itacen mai aure ne ka tabbata tohon daga saman wurin auren ya fito, in ba haka ba gindin kawai zaka rena. In kuwa ka yi ta yanka har ƙasa tabon bai ƙare ba, tumɓuke shi da saiwarsa ka ƙona, bar ramin a buɗe rana ta dake shi wasu makonni, sannan ka cika da takin nan mai Tirikodama ka sa sabo.

Don ka san ko aikin na ci, bar layi ɗaya a gefen lambu kar ka shafa masa, ka sa masa alama. Lokacin datsa na gaba ka yanko guntaye goma daga layukan da aka shafa wa, da wasu daga layin da ka bari don kwatantawa, ka tsaga su a tsaye da wuƙa, ka duba iya inda ruwan ƙasan ya gangara. In ya tsaya a cikin guntun bai wuce gaɓar farko ba, lafiya. In ya zarce ya shiga reshen a guntaye dayawa, ka sake duba inda ka sayi hodar da lokacin da ka shafa, ka kuma naɗe 'yan guntayen a takarda, ba leda ba, ka ba malamin gona ya kai a duba wace iri ce.